Hutun lakwal ya zo, wa ke zaune kusa da ɗanka?

Assalamu alaikum wa rahmatullah, ƴan'uwana iyayen yara na Damagaram.

Akwai wani gari a jihar Kolorado ta Amurka, sunansa Aspen, yana can bisa duwatsu, tsayin wajen mita 2,400 daga teku. Asalinsa garin masu haƙar azurfa ne. Tun 1949 ake yin makarantar kiɗa a can duk lokacin hutun ƙarshen shekara, mako 8 cur, daga ƙarshen Yuni zuwa Agusta. Ɗaruruwan ɗalibai ke zuwa, galibinsu samari da ƴanmata ne, amma akwai ƙanana da iyayensu ke biyo su. Uwa ta rufe gidanta, ta kwaso ƙannen yaron, su kama haya a garin da tsadar muhalli ta yi masa suna, baƙo kuwa idan ya hau matakala sai ya tsaya yana haki saboda ƙarancin iska. Gidan duka sai ya koma bin agogon yaro guda: lokacin darasinsa, lokacin bitarsa, har barcin rana na jariri sai an daidaita shi da sa'ar da goge zai yi shiru.

Ban kawo wannan don in ce mu koya wa ƴaƴanmu goge ba. Hukuncin kiɗa malamai sun yi magana mai tsawo a kansa, kowa ya tambayi malamin da ya amince da iliminsa da tsoron Allahnsa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne zaman. Mutum ya ajiye sana'arsa wata biyu don ya zauna a bayan ɗaki yana sauraron ɗansa yana maimaita abu guda har ya gyaru.

Mu kuma an rufe lakwal tun farkon damina, sai Oktoba ƙanana za su koma. Wata uku ke nan. Wanda ke da gona ya samu mataimaki, madalla. Sauran fa? Uba ya biya kuɗin darasin hutu, ya ba ɗan kabu-kabu na kai da kawowa, sai ya ga ya sauke nauyi. Da magariba yaro ya shigo da allonsa, tawada ba ta gama bushewa ba, ya tsaya gefen tabarma ya ce, "Baba, in biya maka?" Baba ido na kan salula, hannu na laluben takalmi, ana jiransa a fada shayi ya kusa nuna. "Je ka biya wa innarka." Inna kuwa tana gaban murhu, hayaƙi ya cika mata ido, goyo na kuka. Yaron ya jingine allon a bango. Gobe ba zai tambaya ba.

Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce dukkanku makiyaya ne, kuma kowa abin tambaya ne game da abin kiwonsa. Buhari da Muslim suka ruwaito daga Ibn Umar. A cikin hadisin an ambaci namiji a kan iyalinsa, an ambaci mace a kan gidan mijinta da ƴaƴansa. Ba a ce idan ka biya malami tambayar ta koma kansa ba. Kuma a Suratut Tahrim, aya ta 6, Allah ya umurci muminai su kare kawunansu da iyalansu daga wuta. Ta yaya za ka kare wanda ba ka san abin da ke shiga kunnensa ba? Yau yaro ɗan shekara 8 yana alwala yana rera waƙar da ya ɗauko a salular yayansa, baitocin da idan ka tsaya ka fahimce su sai kunya ta kama ka. Ya haddace ta tsaf cikin kwana biyu. Ashe ƙwaƙwalwar tana nan, mai zuba mata ne ya bambanta.

Ba sai mun je Amurka ba ma kafin mu ga darasin. Ku dubi masu busa a ƙofar fadar Sarkin Damagaram cikin Birni ranar Sallah. Mai algaita kumatu a kumbure, yana jan numfashi ta hanci, sautin bai yanke ba. Wannan ba a wata guda ake iya shi ba, kuma yawanci gado ne, yaro ya tashi yana bin uba ko kawu, yana riƙe masa kaya, ana gyara masa. Haka dukawa masu aikin fata, haka maƙera. Kakanninmu ba su san koyarwa daga nesa ba.

Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, idan zai yi sujada ya ajiye ta, idan ya miƙe ya ɗauke ta. Da Aƙra'u bin Habis ya ce yana da ƴaƴa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, amsar da ya samu ita ce wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. To, malam, kai da ka fi ƙarfin zama minti 15 a tabarma, wane aiki ne gare ka da ya fi nasa?

Wani gargaɗi kuma ga waɗanda suka riga suka dage. Idan Allah ya ba ɗaya daga cikin ƴaƴanka baiwa, muryar ƙira'a ce ko ƙasida, kada gidan ya zama nasa shi kaɗai. Kana kai shi musabaƙa, kana saya masa sabuwar jallabiya, ƙanwarsa na kallo da farantin talla a ka. Bashir, mahaifin Nu'uman, ya yi wa ɗa guda kyauta, Annabi ya ce ku ji tsoron Allah ku yi adalci tsakanin ƴaƴanku, sai ya koma ya karɓe kyautar.

Ku kuma malamai masu shirya karatun hutu a Zango da Sabon Gari da sauran unguwanni, Allah ya saka muku da alheri. Roƙona ku riƙa sallamar yara kafin magariba, musamman mata, ga hadari ga duhu. Kuma ku ware rana guda a mako ku ce uba da kansa zai zo ya ji karatun ɗansa, kada ku karɓi wakili sai da uzuri.