Wai kyauta ce, amma ta cinye min data da barci

Duk wanda ya sake buɗe baki a gabana ya ce Linux, manhajar nan da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, kyauta ce, wallahi sai na zaro waya na nuna masa yawan datar da na saya cikin sati uku. Kyauta a wajen wa? Wataƙila a wajen wanda intanet ɗin gidansa ba ta yankewa, wutarsa ba ta ƙiftawa. Mu nan da muke sayen giga ɗaya-ɗaya kamar gawayi a leda, babu abin da ya zo mana a banza.

Laftof ɗina ta gwanjo ce, amma ba ta taɓa ba ni kunya ba. Core i7 ce ta ƙarni na bakwai, da katin hoto na daban, da rana in yi aikin ofis a kanta, bayan sallar isha'i abokai su zo mu buga gem ɗin ƙwallo a kanta. Da Microsoft ta sanar cewa daga 14 ga Oktoba 2025 ta daina kula da Windows 10, na duba na ga Windows 11 ba ta karɓar irin tawa, don galibi daga ƙarni na takwas take farawa, ga kuma sharaɗin wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Sabuwar kwamfuta kuwa a wannan tsadar, ko zancenta ban yi ba. Ana cikin haka ɗan yayata ya shigo, wanda tun da ya fara karatun kwamfuta a jami'a ba mu sake hutawa ba.

"Kawu, me za ka damu? Ka koma Linux kawai. Kyauta ce, ba bairos, kuma duk gem ɗinka za su yi. Minti ashirin an gama."

Minti ashirin! Allah ya shirye ka, yaro.

Linux Mint ya zaɓar min, wai ita ce ta fi kama da abin da na saba. Ita kanta kusan giga uku ce, da datata aka sauke. Ya ɗora a filash, ya zauna yana danne-danne yana ba ni tarihin Linus Torvalds, yadda ya fara abin yana ɗalibi a Finland a 1991, yadda wayar Android da ke aljihuna ma a kan Linux take tsaye. Ina jin daɗin labari, ashe a daidai lokacin ya zaɓi a goge faifan gaba ɗaya. Takarduna dai ya kwashe min su a filash, wannan na yaba masa. Amma gem ɗin da na shekara biyu ina tarawa, wasu na sauke su da datar dare kaɗan-kaɗan, duk sun tafi. Da na yi magana sai ya ce, "Ai suna nan a asusunka na Steam, Kawu, sake saukewa kawai za ka yi." Steam ɗin nan ita ce shagon intanet da ake sayen gem a sauke. Kawai! GTA V kaɗai tana neman giga ɗari. Ko ya san nawa ake sayar da giga ɗari tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a farkon 2025? Bai sani ba, da Wi-Fi ɗin makaranta yake wa'azinsa.

Ya tafi da la'asar. Da magariba na buɗe kwamfuta, babu Wi-Fi. Ba wai ta ƙi haɗuwa ba, a'a, alamar ma babu ita, kamar ba a taɓa halittarta ba. Na kira shi, ya ce direba, wato manhajar da ke sarrafa katin Wi-Fi ɗin, shi ne babu, sai an sauke. Na ce a sauke da me? Ya ce da intanet. Wato kana buƙatar intanet kafin ka samu abin da zai ba ka intanet. Sai da na nemo kebul na jona wayata, ya riƙa karanto min wasu kalmomi ina rubutawa a baƙin allon nan da suke kira tamina, harafi ɗaya ya kuskure a sake daga farko. Ana tambayata kalmar sirri, ina bugawa ba na ganin komai, ko ɗigo babu, na goge na sake har sau huɗu ina zaton madannan sun lalace. Ashe haka tsarin yake, ba ya nunawa. To me ya hana a faɗa wa mutum tun farko?

Zancen gem shi ne ya fi ƙona min rai, don a nan aka yi min rabin gaskiya, wadda ta fi ƙarya ciwo. Gaskiya ne kamfanin Valve mai Steam ya fito da Proton a 2018, wadda ke sa wasannin da aka ƙera don Windows su yi aiki a Linux, kuma na'urarsu ta Steam Deck da ta fito a 2022 a kan Linux take gudana. Dubban wasanni suna yi lafiya lau, ban musa ba. Abin da masu wa'azin Linux ba sa faɗa sai ka riga ka goge faifanka shi ne maganar manhajar hana maguɗi. Akwai wasannin da ke dasa wani ɗan sanda a can cikin zuciyar Windows don kama masu zamba, in bai ga Windows ba, ƙofa a rufe take. Fortnite ba ta yi. Valorant ba ta yi. Apex Legends da tana yi, a 2024 aka rufe. GTA Online ma a shekarar ta bi sahu, sai dai ka buga labarin kai kaɗai. Akwai shafin ProtonDB da mutum zai rubuta sunan gem ya ga ko tana yi kafin ya taɓa komai, minti biyu ya isa. Ɗan yayata ya san shafin. Bai duba ba.

Gem ɗin ƙwallon da muke bugawa, wanda saboda shi abokaina ke taruwa a ɗakina, yana cikin waɗanda ba sa yi. Ban gano haka ba sai da na kwana uku ina saukewa. Na sayi datar dare, na saita ƙararrawa, sha biyu na yi na tashi na jona. Daren farko aka ɗauke wuta ƙarfe biyu, batirin gwanjo kuwa minti arba'in ne ƙarfinsa. Dare na biyu sabis ya riƙa rarrafe kamar hawainiya, asuba ta yi ko rabi ba a kai ba. Dare na uku na tayar da janareta, maƙwabcina ya leƙo ta katanga yana tambaya ko wani ne ba lafiya. Aka gama, na yi hamdala, na kira mutane. Ranar Juma'a da daddare mu biyar muka zauna, an dafa shayi, kowa ya riƙe abin bugawarsa. Na danna. Maɓallin ya canja launi, ya yi kamar zai buɗe, ya koma yadda yake. Na sake dannawa. Haka. Sau bakwai. Wani daga cikinsu ya kurɓi shayi ya ce, "Malam, ko dai mu koma ludo?" Har yau in sun gan ni sai su tambaye ni ya jikin Linux.

Gem ɗin da suke yi ɗin ma, kafin su buɗe sai ka zauna kana kallon wani layi yana cewa yana shirya hotuna, fanka na kuka, batiri na zuba, kai kuma kana addu'ar kada a ɗauke wuta. Gudun gara na yi na faɗa gidan zago.

Ga aikin da nake ci da shi. LibreOffice, wadda ta zo da Mint a madadin Office, tana buɗe takardun Word, wannan ma gaskiya ne. Na rubuta rahoto mai shafi goma sha biyu, na kai shagon da ake buga takardu, suka buɗe a tasu kwamfutar ya koma shafi goma sha huɗu, jadawalin ya rabu biyu, wurin sa hannu ya sauka shi kaɗai a shafin ƙarshe kamar maraya. Salon haruffan da ke tawa babu shi a tasu, sai komai ya goce. Yanzu na koyi mayar da komai PDF kafin in fita daga gida, amma sai da na biya kuɗin bugu sau biyu na koya. Katin ɗaurin auren ƙanwata kuwa, mai bugawa ya ce shi fayil ɗin CorelDRAW ya sani, in ba shi ba sai dai ya zana sabo in biya. Na ce manhajar zane ta Inkscape nake da ita. Ya kalle ni kamar na ambaci sunan wani magani.

Da abin ya ishe ni na ɗauki kwamfutar na kai wa mai gyara a kasuwa. Ya buɗe, ya juya ta, ya ce, "Oga, wannan wace irin Windows ce?" Na yi masa bayani. Ya ce shi dai abin da ya iya shi ne ya goge ya sa min wadda kowa ke amfani da ita, dubu biyar, har da Office. Na san irin wadda yake nufi, ta sata ce, mai zuwa da 'yan rakiya. Layin nan gaba ɗaya na bi, shago bayan shago, ban samu mutum ɗaya da zai duba min dalilin da ya sa firintar ofis ke ganin kwamfutata amma ba ta fitar da takarda ba. A nan shi ma ɗan yayata ya ce min in tambaya a intanet. Na tambaya. Wani ya ba ni amsa da layi goma na umarni ba tare da ya ce ga abin da suke yi ba, wani ya ce laifina ne da ban karanta littafin bayani ba.

Abin da ya ƙara tunzura ni, daga baya na ji ashe akwai tsarin da ke ba masu Windows 10 ƙarin shekara guda ta kariya, har zuwa Oktoban 2026. Da na sani, da na raba faifan biyu, na bar tsohuwar a gefe saboda ƙwallo, na koyi sabuwar a hankali. Ana yin haka, kowa a cikin masu wa'azin Linux ya san ana yi, amma zumuɗin samun sabon mabiyi ba ya barin su faɗa.

Kuma abin haushin, ba zan iya cewa Linux ba ta da kirki ba. Kwamfutar tana tashi kafin in gyara zama. Filash ɗin da na kai shagon bugu ya dawo da bairos ɗin nan mai ɓoye fayiloli, na soka shi, ko gezau, har na ga fayilolin da ya ɓoye na kwashe abina. Ba ta taɓa sabunta kanta a bayan idona ta shanye min data ba, sai na ce mata yi. Kuma a cikinta na tarar da tsarin madannan Hausa a shirye, ɓ da ɗ da ƙ duk suna nan, da shi nake rubuta wannan ƙorafin ma. Shi ya sa ban ba mai gyara dubu biyar ɗinsa ba.

Jiya yaron ya kira ni, muryarsa har rawa take don murna. "Kawu, na gano matsalar. Mint ba ta dace da gem ba, akwai wata ana ce mata Bazzite, minti ashirin kawai..." Na ce masa ya zo ranar Asabar, ya taho da datarsa, da litar fetur biyu, kuma uwarsa za ta ji komai daga bakina kafin ya iso.