Shirun nan naku ne ke kashe mana sana'a

Jiya da la'asar ina shagon wani dattijo mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, sai ya miƙo min wayarsa. Saƙonni goma sha ɗaya a WhatsApp, kowanne alamarsa ta yi shuɗi, amma ko ɗaya ba a amsa ba. Yaron da ya ba aikin manhajar lissafin kaya ne, wata uku ke nan da karɓar rabin kuɗi. Maganarsa ta ƙarshe ita ce, "Alhaji, saura kaɗan." Dattijon ya dube ni ya ce, "Ɗana, ba kuɗin ne ke damuna ba, ya dai faɗa min inda aka tsaya." Wallahi kunya ta rufe ni, don sana'armu ɗaya da yaron.

Ƙannena masu rubuta manhaja, na san me ke faruwa. Aiki ya cije, ka kwana uku kana fama da kuskure ɗaya, sai ka ɗauke ƙafa, ka daina ɗaga waya, wai sai ka gyara tukuna ka bayyana. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa! Kowa aiki na cije masa, har manyan da kuke kallo a GitHub, dandalin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu. Su dai sukan buɗe baki. Me ya sa kamfanoni da yawa ke taron tsaye na minti 15 kowace safiya? Don kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, da wanda zai yi yau, da abin da ya tare masa hanya. Na ukun nan shi ne kuke gudu, alhali matambayi ba ya ɓata.

Kuma in an matsa muku, sai ku cika mutum da turancin sana'a don ya yi shiru. Alhaji ina ruwansa da "saba (server) ta faɗi"? Ce masa, "Wurin ajiyar bayanan ne ya ba da matsala, ranar Alhamis zan nuna maka." Ranar Alhamis kuma ka zo, ko da hannu biyu. Alƙawari kaya ne. Ga ku nan a Facebook kullum da hoton kwamfuta, an rubuta "Injiniya" a gaban suna, amma layi biyu ga wanda ya biya ku ya gagara.

Tun 2023 gwamnati ta ƙaddamar da shirin 3MTT na koyar da fasahar zamani, da burin horar da mutum miliyan uku. Masu iya aikin za su yi yawa, wa zai ci gaba da jiran wanda ba ya amsa kira?

Mu mun taso mun ga kafinta in katako ya yanke masa, da ƙafarsa yake zuwa zaure, ya yi sallama, ya durƙusa ya yi bayani, alhali ko wayar ma babu. Ina wannan tarbiyyar ta tafi? Da zan fito, na ga dattijon ya janyo tsohon littafinsa mai baƙin bango, yana shigar da cinikin ranar da biro.