Dawowar ai ita ce babbar magana

Kun ce tashin roka shi ne wuri mafi haɗari a tafiyar 'yan sama jannati, to ni dai dawowar ta fi ɗaga min hankali wallahi. Kumbon da ya baro tashar ISS, wato tashar ƙasa da ƙasa da 'yan sama jannati ke zama a cikinta a sararin samaniya, yana gudun kusan kilomita dubu 28 a awa ɗaya fa, kuma ba wani burki sai iskar duniya da zai faɗo ciki, jikinsa ya yi jajur da zafi sama da digiri dubu, garkuwar da ke ƙasansa ce kawai ke tsare mutanen ciki, can daga baya laima ta buɗe, kumbon Soyuz na Rasha ya dira a dajin Kazakhstan, kumbon Dragon na kamfanin SpaceX kuma cikin teku. Kun manta Columbia, kumbon Amurka, a 2003? Guntun soson da aka lulluɓe tankin manta da shi ne ya ɓalle ya fasa fiffikenta wajen tashi, amma a dawowa ta tarwatse da mutum bakwai. Kai kuma malam da kake cewa duk fim ne, fita waje bayan magariba ranar da ISS za ta wuce, da idonka za ka ganta kamar tauraro mai tafiya, wa ya haɗa wannan fim ɗin?