Kafin ka cike fom ɗin maskom, je ka leƙa situdiyonsu tukuna

Jama'a yau dai sai na yi magana ko da za a ce na cika surutu. Ɗan yayata ne ya gama sakandare bana, tun yana aji uku yake bin mu da waya yana cewa shi ɗan jarida zai zama, to yanzu lokacin cike JAMB ya zo gida ya rikice. Babansa ya kafe kan cewa in ba BUK ba, wato Jami'ar Bayero ta Kano, to a bar zancen, uwarsa kuma ta ce ita ɗanta ba zai bi hanyar Gusau zuwa Funtua sau shida a shekara ba da wannan hali da ake ciki, shi kuma yaron ya zo ya same ni bayan isha'i ya ce Kawu don Allah kai da ka yi aikin nan wace makaranta ta fi? Na ce mishi zauna, tambayar taka ce ba ta yi ba.

Ni ban raina BUK ba, wa zai raina ta? Sashen su na maskom, wato karatun aikin jarida da sadarwa, tsoho ne, yanzu ma tsangaya ce sukutum, suna da gidan rediyonsu na kansu, kuma Kano gari ne da in ka jefa dutse sai ya faɗa kan gidan rediyo, tun da Freedom ta buɗe a 2003 sauran sunka biyo baya. Yaron da ke karatu can in yana da zuciya ba zai rasa inda zai laɓe ya koyi aiki ba. ABU Zariya ma haka, ga Kaduna kusa da su. Akwai kwalejin talabijin ta NTA da ke Jos ga mai son kyamara da haɗa shiri, akwai kuma cibiyar koyon aikin jarida ta NIJ can Legas ga wanda aljihun babansa ke da nauyi. Duk na san da su. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki sunan makaranta a rataya ma yaro awa laya, a ce shi ke nan ya zama ɗan jarida.

Bari in ba ku labarin da ya sa nake wanga ɗaci. Lokacin da nake ɗakin labarai na wani gidan rediyo nan Sakkwato, an kawo muna ɗalibai masu koyon aiki na wata shida. Cikinsu akwai wani ɗan gaye daga wata babbar jami'a, ba zan faɗi sunanta ba, makinsa kuwa sai wanda ya gani, in ya fara zuba maka ka'idojin sadarwa da sunayen turawan da sunka ƙirƙiro su sai ka riƙe baki. Ran nan edita ya ba shi rikoda ya ce je ka kasuwa ka jiyo muna mi ya sa albasa ta tashi, ka dawo kafin sha biyu. Wallahi yaron nan ya dawo ƙarfe ɗaya saura, rana ta gasa shi ya yi jagab, ya miƙo rikoda muka kunna, ba komai ciki sai ƙarar babura da iska, ashe bai san ana kusanto da abin ga bakin mai magana ba, ya riƙe shi can ƙasa wajen cikinsa don kunya. Da anka tambaye shi to nawa buhu yake, sai ya ce sun ce dai ya yi tsada. Nawa ne jiya, nawa ne yau, daga ina ake kawo ta, wa ya faɗa maka, dillali ne ko manomi? Shiru.

A rukunin nan dai akwai wata yarinya 'yar foli, wato kwalejin kimiyya da fasaha, difloma kawai take yi, Turancinta ma sai a hankali. Washegari ita anka tura. Ta je ta durƙusa ta gaida dattijon da ke kan buhunan, ta ce Baba sannu da rana, ta bari sai da ya gama ciniki da wani, sannan ta tambaye shi. Ta dawo da muryar mutum uku, da farashin makon jiya da na yau, da bayanin cewa kuɗin mota ne ya ƙaru kuma ta ajiya ta fara ruɓewa saboda zafi. Minti biyu cif ta yanke shi da kanta a kwamfuta, aka sa a labaran ƙarfe huɗu. Da na tambaye ta ina ta koya sai ta ce malaminsu duk mako sai ya kora su gari, wanda bai kawo murya ba ba shi da maki. To ku gaya mini, tsakanin su biyun wa ya je makarantar jarida?

Kar wani ya ce na ce foli ta fi jami'a, ban ce ba. Na ga foli ɗin da situdiyonta ke rufe da kwaɗo shekara da shekaru, an lulluɓe na'urori da zane awa kayan lefe, ba a buɗewa sai ranar da masu tantancewa za su zo, ranar har fenti ake yi a aro janareta. Suna tafiya a mayar da kwaɗo. Shi ya sa na ce ma yaron, kafin ka rubuta sunan kowace makaranta a fom, taka da ƙafarka ka je. Kar ka tambayi shugaban sashe, zai ce maka komai lafiya lau. Nemi ɗan aji biyu ko aji uku wurin mai shayi ka ce ɗan'uwa sau nawa ka taɓa zama gaban makirfo tunda ka zo? Kun taɓa fitar da jarida ko ta bango ce? Malamanku akwai wanda ya taɓa aiki a ɗakin labarai ko duk daga aji sunka koma aji? Amsar da zai ba ka ta fi duk wata talla.

Sai maganar takarda, wadda ita ce mutanenmu ke sakaci da ita har sai an gama a zo ana kuka. Kos ɗin jami'a hukumar NUC ke tantance shi, na foli kuma NBTE da ke Kaduna, kuma tantancewar ta kos ce ba ta makaranta gaba ɗaya ba, makaranta na iya zama halastacciya amma kos ɗin da ka shiga bai samu amincewa ba. Sai ka gama a ce babu bautar ƙasa. A bincika wannan tun kafin a biya ko sisi. Sannan a sani NUC ta rarraba maskom gida-gida, aikin jarida daban, rediyo da talabijin daban, hulɗa da jama'a daban, talla daban, fim daban, don haka yaro ya san wanne yake so, kar ya shiga talla yana zaton labarai zai karanta. Wanda kuma ya bi ta foli ya sani ND, wato ƙaramar difloma, shekara biyu ce, sai shekarar koyon aiki, sai HND, wato babbar difloma, shekara biyu, kuma wariyar da ake nuna ma HND a aikin gwamnati ba ƙarya ba ce, kar a ɓoye mishi.

Abu guda da ke ba ni haushi, yaranmu sun ɗauka Hausa ba abin koyo ba ce tunda da ita anka haife su. Alhali mafi yawansu in sun samu aiki da Hausar za su ci abinci, ko Rima Radio ne, ko tashoshin FM na gari, ko Aminiya, ko in Allah ya ɗaga mutum BBC Hausa da ke watsa shiri tun 1957, ko DW ko RFI. Gwajin farko da za a yi maka a irin wuraren nan fassara ce, a miƙo maka labari da Turanci a ce mayar da shi Hausar da tsohuwa a Wurno za ta gane. Nan ake jin kunya. Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939, Abubakar Imam da ya riƙe ta ba maskom ya karanta ba, malamin makaranta ne, abin da yake da shi harshe ne da sanin mutanen da yake rubuta ma wa. Don haka ni a wurina yaron da ya karanta Hausa ko Tarihi ko Turanci nan jami'ar Danfodiyo, ya shiga ƙungiyoyin 'yan jaridar cikin makaranta yana rubutu tun aji ɗaya, bai yi asara ba ko kaɗan, na ga irinsu da yawa sun fito sun fi masu kwalin maskom iya rubutu.

Kuɗi ma a duba. Karatu a Kano ko Zariya ba kuɗin makaranta kaɗai ba ne, ga haya ga abinci ga mota, in gida ba za su iya ba yaro zai ƙare yana tunanin garin kwaki maimakon darasi. Na nan gida kuwa zai ci tuwon uwarsa, in ya tashi aji ya hau kabu-kabu ya je wani gidan rediyo ya ce a bar shi ko shara ce ya riƙa yi, a hankali har a ba shi karanta sanarwa.

Babansa dai har yanzu bai sauko ba, jiya ma ce mini ya yi kai dai ba ka son yaron ya fita ya ga duniya. Na ce Yaya ba haka ba ne, in ya ci makin BUK kuma za ka iya ɗaukar nauyi ni zan raka shi tasha da kaina. Mun dai tsaya kan cewa ranar Litinin zan ɗauke shi mu je foli ta Umaru Ali Shinkafi ya ga wurin da idonsa ya yi hira da ɗalibai, Kano kuma akwai wani abokina can da zai zagaya da shi in an yi hutu. Kafin nan na ba shi tsohuwar rikodata na ce ya je kasuwar Kara ya jiyo mini kuɗin rago, har yanzu ina nan ina jiran shi.