Ranar Da Na Ceci Wel Har Ya Tsiyaye

Wata shida na yi ina karance-karance a kan dabbar tekun nan da ake kira wel, wadda mutane ke ce wa kifi duk da cewa da huhu take numfashi kuma tana shayar da 'ya'yanta nono, har ta kai ga iyalina suna tashi ɗaya bayan ɗaya da zarar sun ji na gyara murya. Ban taɓa ganin wel da idona ba, amma hakan bai hana ni ɗaukar kaina gwani ba, domin na haddace zurfin nutsonsu, da abin da suke ci, da inda suke dosa idan yanayi ya juya, da dalilan da kan sa su fito gaɓa su maƙale a rairayi. Abin da ya rage mini kawai shi ne wel ɗin da zan sauke wa wannan ilimi.

Wata safiya muna tafiya a bakin teku ni da ɗana mai shekara tara, sai na hangi mutane kusan ashirin sanye da riguna masu ƙyalli sun kewaye wani baƙin abu mai tsawon kamar mita biyar, sun lulluɓe shi da jiƙaƙƙun zannuwa, wasu kuma suna ta kai da kawo da bokitai. Ban tsaya tambaya ba. Na sheƙa da gudun da rabona da irinsa tun ina yaro, takalmi ɗaya ya maƙale a rairayi ban waiwaye shi ba, na kutsa cikin taron ina haki, na sanar da su cewa hankalinsu ya kwanta, wanda ya san aikin ya iso. Wata mata mai usur a wuya da allon rubutu a hannu ta dube ni, ta dubi agogonta, ta ce, "Sannu da zuwa, Malam, ka ma riga lokaci. Ci gaba da aikinka." Na ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa gwani ba ya ɓuya.

Na fara da ba su umarnin abin da na tarar suna yi. Na ce kada a bari ruwa ko yashi ya shiga ƙofar hancin da ke tsakar kansa, a haƙa rami ƙarƙashin fikafikansa don kada su karye, kada kowa ya ja shi ta wutsiya, a kuma ci gaba da jiƙa shi, saboda kitsen da ke kare shi daga sanyin ƙarƙashin teku shi ne ke dafa shi idan ya fito tudu, nauyin jikinsa kuma yana danne kayan cikinsa tun da babu ruwan da zai tallafe shi. Daga siffar kansa mai kama da tulu na gane cewa irin wanda ake kira mai bin jagora ne, wato waɗanda ba sa rabuwa da garkensu ko da garken halaka ya nufa. Nan na ba su labarin Farewell Spit, wani dogon harshen rairayi a Niyu Zilan, inda sama da 600 suka maƙale cikin 'yan kwanaki a watan Fabrairu na 2017, da na yammacin tsibirin Tasmaniya na Ostireliya inda kimanin 470 suka fito a watan Satumba na 2020. Ɗana ya ja rigata ya ce, "Baba, ai wannan…" Na ce masa ya yi shiru, manya suna aiki.

Da na durƙusa na ɗora tafin hannuna a gadon bayansa, sai na ji shi sulɓi da tauri kamar jiƙaƙƙiyar roba, na kuwa yi farin ciki ƙwarai, domin haka littattafai suka siffanta fatar wel. Da na ɗan tura shi, sai na ji wani abu yana kaɗawa a cikinsa, ƙulum ƙulum, na ɗaga kai na shaida wa jama'a cewa abincin da ya ci ne bai gama narkewa ba. Na bayyana musu cewa abincin masu zurfin nutso shi ne sukwid, wata halitta mai laushin jiki da hannaye 10 da baki mai tauri irin na aku, kuma wannan bakin ba ya narkewa, shi ya sa masana kan tarar da dubbansa a tumbin wanda ya mutu, su gane daga nan irin abin da ya ci da yankin da ya ci shi. Na kawo misalin manyan wel masu ƙaton kai su 30 da suka mutu a gaɓar Jamus da Holan da Ingila da maƙwabtansu a farkon 2016. Dukkansu maza ne, domin a wannan jinsi mata da ƙanana kan zauna a ruwa mai ɗumi, mazan ne ke hawa can arewa mai sanyi neman abinci. A hanyarsu ta komowa kudu suka ɓata suka faɗa Tekun Arewa da ke tsakanin waɗannan ƙasashe, wanda ba shi da zurfi kuma babu irin abincinsu a ciki. Irin wannan wel da amsa-kuwwa yake gane hanya, yana aika ƙara ya saurari dawowarta, gaɓa mai lallausan yashi da ke gangarawa a hankali kuwa ba ta mayar da amsa sosai, sai ya zaci gabansa a buɗe yake. Wani saurayi da ke riƙe da bokiti ya roƙe ni cikin ladabi in koma bayan igiyar da aka gitta, na ce masa igiya ta 'yan kallo ce.

Wani dattijo ne ya fara jefa mini tambaya, kuma yanzu da nake tuna yadda gashin bakinsa ke rawa na fahimci cewa dariya yake dannewa. Ya ce, "Malam, tun da ka zo ka ji ya yi numfashi kuwa?" Na kasa kunne a ƙofar hancin na tsawon minti biyar, ban ji komai ba. Wani mai ƙarancin karatu da ya tsorata a nan, amma ni ina da amsa a aljihu. Na tuna musu da wel mai dogon baki da ake kira da sunan masanin Faransa Kubiye, wanda aka ruwaito a 2014 cewa ɗaya ya nutsa mita 2,992 a tekun Kalifoniya, aka kuma ruwaito a 2020 cewa wani ya yi minti 222 a ƙarƙashin ruwa bai leƙo ba. Na ce dabbar da ɗan'uwanta ke riƙe numfashi sa'a uku da minti 42, don ta yi shiru na minti biyar ai ba abin tashin hankali ba ne. Na san sarai cewa mai bin jagora ba ya kusantar wannan, kuma wanda ke kwance a tudu yakan yi numfashi a kai a kai, amma a lokacin na fi ƙaunar hujjata fiye da gaskiya.

Ina zagayawa wajen wutsiya, inda ni da bakina na hana kowa zuwa, sai na ga wani ɗan baƙin abu mai kama da marfin kwalba a manne da jikinsa. Gabana ya faɗi don murna. Da irin wannan na'ura ce masana ke liƙa wa wel su auna zurfin nutsonsa da hanyoyin da yake bi daga wannan yanayi zuwa wancan, ga shi yau Allah ya kawo ɗaya hannuna. Na yanke shawarar in duba lambarta domin in sanar da masu ita. Ɗana ya ɗaga murya ya ce, "Baba, kada ka taɓa, bawul ne!" Na riga na murɗa.

Ruwa ya feso mini a fuska da ƙarfin da ya zaunar da ni daɓas a cikin ramin da na sa aka haƙa. Ina zaune ina kallo bayan dabbar ya fara lotsawa, kan nan mai kama da tulu ya langaɓe gefe, fikafikan suka kwanta, zannuwan da aka lulluɓa masa suka yi masa yawa. Na yi salati da ƙarfi, na ce na kashe shi, har idona ya kawo ruwa na gaske. Matar nan ta busa usur. Babu wanda ya iya zuwa ya toshe bawul ɗin, domin rabin masu ceton sun zube a rairayi suna riƙe da ciki, dattijon kuwa ya juya baya kafaɗunsa suna girgiza.

Bayan ta share hawayenta ne ta yi mini bayani. Horo ne suke yi wa masu aikin sa kai, wel ɗin kuma na roba ne da ake cika shi da ruwa har ya yi nauyin na gaske, don su koyi juya shi da ɗora shi a kan tabarmar ɗauka kafin teku ya ciko. A cikin tsarin horon akwai wanda aka shirya zai zo ya yi wasan ɗan kallo mai shisshigi, wanda ya san komai kuma ba ya jin magana, don a ga yadda ɗaliban za su lallashe shi, ita kuma ba ta taɓa ganin fuskarsa ba. Muna cikin haka sai ga mutumin ya iso yana ba da haƙurin makara, aka ce masa ya huta, an riga an yi. Ta nuna mini allonta, na ga ta rubuta a gaban sunansa cewa ya ƙware ƙwarai, sai dai ya ɗan wuce gona da iri.

Sa'a guda da rabi na yi ina riƙe da tiyo, ƙafa ɗaya babu takalmi, har wel ɗin ya sake kumbura ya koma kamanninsa. Ɗana ya tsinto mini takalmin, ya tsaya kusa da ni yana kallon ruwan yana shiga, can ya tambaye ni a hankali ko wannan ma sukwid ne muke ɗura masa. A hanyar komawa na roƙe shi kada ya gaya wa mahaifiyarsa, ya ce ba zai faɗa ba, domin tun ina kasa kunne a hancin robar ya aika mata da bidiyon.