Awon ciki: wane gwaji ne dole, wanne ne na shawara?

Matanmu na Agege, Idi-Araba da Mile 12 a Legas, da ku nake, kuma maigida ya matso kusa don shi ke biyan kuɗin. Da yawa ba sa zuwa awo sai ciki ya kai wata biyar ko shida, wai kunya ko gudun bakin mutane. Kafin nan wasu gwaje-gwajen sun wuce, domin kowanne da makonsa.

Akwai waɗanda a ganina ba abin muhawara ba ne: awon yawan jini, hawan jini, fitsari, ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B, da rukunin jini. Duk suna da abin yi in an gano matsala. Mace mai jini negatif da miji mai fozitif tana buƙatar allurar anti-D, mai hana jikinta yaƙar jinin jariri, wajen mako 28, da wata cikin awa 72 bayan haihuwa, in jaririn fozitif ne. In aka yi sake, cikin gaba ne ke shan wahala. Uwa mai ciwon hanta kuwa, a yi wa jaririnta rigakafi cikin awa 24. Gwajin sukari tsakanin mako 24 da 28 ake yi.

Inda shawara take shi ne gwajin lafiyar halittar jariri. Hoton da ake auna ruwan bayan wuyansa daga mako 11 zuwa ƙarshen na 13 ake yinsa. Gwajin jinin uwa da ake kira NIPT yana yiwuwa daga mako 10, sai dai da tsada. Dukansu hasashe suke yi kan lalura irin ta Down, wadda ake haihuwar yaro da ita ta jawo masa jinkirin girma da koyo, ba hukunci ba. "Haɗari ɗaya cikin 150" na nufin 149 ba su da lalurar, amma sai ka ga gida ya rikice da kuka. Kuma in an kuskure lissafin makonni, ko tagwaye ne, sakamakon na iya karkacewa.

Tabbaci sai an ɗebo ɗan yanki na mabiyiya tsakanin mako 11 da 14, ko ruwan da jariri ke ciki daga mako 15. Allura ce ta cikin mara, kuma akwai haɗarin ɓari, ƙasa da ɗaya cikin 100 a hannun gwani. Ma'aurata masu AS da AS su ne suka fi neman wannan gwaji don sanin ko jaririn mai sikila ne, tunda kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zama SS. Kowane ciki fa, ba wai an haifi mai sikila ɗaya sauran uku sun tsira ba. Cibiyar sikila da ke daura da LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, a Idi-Araba tana yin wannan gwaji.

Kafin allurar ta shiga, ku tambayi kanku me za ku yi da amsar. Dokar Najeriya ba ta yarda da zubar da ciki ba sai don ceton ran uwa. Amfanin sanin shi ne shiri: jariri mai SS a fara masa fenisilin tun yana wata biyu zuwa uku, a kiyaye shi daga zazzaɓin cizon sauro.

Hoton mako 18 zuwa 22 kuwa, Hajiya, kada ki bari ya wuce. Shi ke duba zuciya, ƙwaƙwalwa, ƙashin baya da ƙoda, ya nuna ko mabiyiya ta tare bakin mahaifa. Mai irin wannan, ga cunkoson Legas, asibitin da ke da ɗakin tiyata da ajiyar jini za ta yi rajista tun yanzu. Ki tabbatar an duba waɗannan duka an rubuta miki, ba a ce "namiji ne" kawai a sallame ki ba.