Soyinka fa ba Nobel kaɗai ba ne

Ku da kuka yi rubutu kan marubuci Wole Soyinka, kun yi ta nanata kyautar Nobel ta adabi da ya samu a 1986 kamar ita ce duka tarihinsa. Ina batun kurkuku? A 1967 gwamnatin Gowon ta kulle shi bayan ya gana da Ojukwu, jagoran Biyafara, yana neman a tsayar da yaƙin basasa. Kimanin shekara biyu ya yi a tsare, yawanci shi kaɗai a gidan yarin Kaduna, yana rubutu a ɓoye. Zamanin Abacha kuwa sai da ya tsallake iyaka a 1994. Ni dai ba duk maganganunsa kan Arewa nake yarda da su ba, yakan wuce gona da iri. Sannan shugabancin hukumar kiyaye haɗurra da ya karɓa daga hannun Babangida a 1988, me ya sa kuka tsallake shi?